Tsagar da Muka Rufe da Fenti

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Tak Du-man ya cika a wani asibiti da ke Busan, bayan wata bakwai yana fama da ciwon huhu. Shekarunsa sittin da takwas. Ya bar matarsa Yeo Sun-deok, da ɗansa guda Jae-ung, da jikoki biyu, da shagon gyaran rim, wato ƙarfen tayar mota, da ya riƙe shekara talatin da biyar a layin masu gareji na unguwar Sasang. Ya kuma bar ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ba a sa sunansa a takardar sanarwar rasuwa ba. Ni ne wannan ƙanen. Sunana Tak Du-sik, kuma ni aka ba wannan shafi na mujallar ƙungiyar masu fentin mota in yi maka ta'aziyya, Yaya.

Labarin ya same ni a garin Miryang, ina kan tsani ina yi wa ƙofar wani lambu fenti. Matarka ce ta bugo waya, ta ce, "Yayanka ya tafi." Na ce mata na ji. Na mai da wayar aljihu na ƙarasa ƙofar, don kai ka koya mini cewa ba a barin fenti rabi, in ya bushe a haka sai an gane inda aka tsaya. Sai da na wanke burushi na canza riga sannan na nemi jirgin ƙasa.

Kwana uku na yi a ɗakin zaman makokinka, kafin a binne ka, ina jin ana yabonka. Direbobin tasi sun zo rukuni-rukuni, dattawan cocinku sun zo, masu gareji sun rufe layi guda sun zo. Kowa ya ajiye farin fure gaban hotonka, ya rusuna, ya juyo ya ce ba a taɓa yin mai gaskiya a sana'a irinka ba. Wasu sun gane ni, suka kau da kai. An ce shaidar duniya ita ce ta lahira. To, ni ma ina cikin duniyar, kuma tawa shaidar ba a ji ta ba tukuna.

Zan fara da alherinka, don ba zan yi maka ƙarya ba ko ta wane ɓangare.

Ina shekara tara ƙarfe ya faɗo wa babanmu a tashar jiragen ruwa. Kai kana sha shida. Ka ajiye jakar makaranta a makon da aka binne shi, ka shiga garejin wani tsoho kana goge jikin motoci da samfefa, hannunka cikin ruwan sanyi tun safe har yamma. Da wannan hannun ka ciyar da ni da Inna. Ina tuna lokacin sanyi, yatsunka sun tsattsage har ba ka iya riƙe tsinken cin abinci, Inna tana shafa maka mai tana kuka, kai kuma kana ce mata, "Inna, ki bar shi, fata ce, wata za ta fito." Takalmin roba na farko da na sa ba na gado ba, kai ka saya mini.

Lokacin da ka buɗe shagonka, ka kira ni ka ce, "Zo mu yi tare, ba na son bare a kan injin feshi." A shekarar farko ruwan cire fenti ya fantsar mini a idon dama. Ban san inda kaina yake ba don zafi. Ka shaƙo wuyan rigata ka tura kaina ƙarƙashin famfo, ka buɗe mini idon da yatsunka, ina ihu ina dukanka kana zagina, ba ka sake ni ba sai bayan kusan rabin awa. Sannan ka goya ni a baya, ƙato da ni, ka fita titi da gudu kana tare mota. Likita ya ce da ba a wanke shi haka ba da na rasa idon. Da shi nake ganin wannan takarda da nake rubutu a kai.

Kuma ka iya aiki. Wannan ko maƙiyinka ba zai musa ba, ni kuwa na fi kowa sanin hannunka. Iskar gishiri ta garinmu na bakin teku ba ta barin rim ɗin alminiyam da mota ta fito da shi daga kamfani ya zauna lafiya. Shekara huɗu ko biyar, sai ka ga fentin ya yi ƙuraje, ya soma ɓamɓarewa daga bakin da ya gogi dakalin titi, farar tsatsa tana ci ta ƙarƙashi. Wasu shagunan sai su kankare inda ya tashi kawai su fesa sabo a kai, bayan damina ɗaya ya sake zubewa. Kai ba ka yarda da haka ba. A cire tsohon fentin kaf har ƙarfen ya fito tsirara, a wanke, a bi shi da samfefa mai kaushi, a bi da mai laushi, a bi da wadda ta fi ta laushi, a goge maiƙo, sannan shafen farko, sannan ruwan azurfa sau biyu, sannan mai sa ƙyalli. Kana rufe ido ka bi gefen rim da tafin hannu, ka ce mini, "Nan akwai saura." In duba in ce babu. Ka sa mini yatsana a wurin, in ji akwai.

Kai ka koya mini sauraron ƙarfe. In an tuɓe rim, a rataye shi da waya a ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayye yana amsawa da dogon amo. Mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take, tana mutuwa nan take. Ka ce mini, "Ido yana ruɗuwa, kunne ba ya ruɗuwa. Wanda ka ji ya dishe, jefa shi cikin bola." Na riƙe wannan maganar kamar karatu. Shekara goma sha uku muna tare a shagon nan.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa ban yi maka kuka ba.

Wata Juma'a ce a watan Afrilu na 2003, bayan cin abincin rana. Wani direban tasi mai motar kansa, Gong Hak-bong, ya kawo mana rim huɗu da fentinsu ya ɓare. Shi ne mai faɗa a ji a ƙungiyar direbobin unguwarsu, mutum kusan arba'in, kuma ya ce in aikinmu ya yi masa kyau duk zai turo su. Ka buga ƙirji ka ce masa Asabar da rana ya zo ya ɗauka. Ni na tuɓe su. Uku suka amsa lafiya. Na huɗun na ƙwanƙwasa, na sake ƙwanƙwasawa, sai na kira ka.

Na ce, "Yaya, zo ka ji wannan."

Ka saurara ka ce, "Kunnenka ne ya cika da ƙura."

Na juya rim ɗin na haska maka fitila ta ciki. Ga tsaga nan a gindin ɗaya daga cikin yatsun ƙarfen da suka riƙe tsakiyarsa, siririya kamar gashi, tsawon gaɓar yatsa. Na ce, "A kira mai shi a gaya masa. Wannan na bola ne."

Ka ce, "Irinsa sai an yi kwana biyar kafin a kawo. Na ce wa mutum gobe, in koma in ce masa me? Kai da na koya wa riƙe samfefa, yau kai za ka koya mini ƙarfe? Ba ni nan."

Ka ɗauke shi ka kai bayan shago. Ka yi masa walda, ka goge, ka shafa fila, ka sake gogewa har wurin ya yi sumul. Ka dawo ka dire shi gabana kana dariya, ka ce, "Ga amarya nan, shafa mata hoda."

Na shafa. Ba zan ɓoye nawa ba tunda na zo tona naka. Na san abin da ke ƙarƙashi, na ɗauki injin feshi na rufe shi da ruwan azurfa, ya fito fes har ya fi sauran ukun kyau. Da Malam Gong ya zo ɗauka kana wajen sayen kaya, ni na buga hatimina a takardar aiki.

Bayan kwana goma sha tara, a kan gangaren hanyar Gimhae, rim ɗin ya rabe biyu motar tana gudu. Malam Gong ya rasa ƙafarsa ta hagu daga gwiwa. Fasinjarsa, wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, Ma Jeom-rye, ta mutu a wurin. 'Yan sanda suka kankare fentin suka ga walda, suka duba takarda suka ga sunana.

Ka tuna inda ka kai ni ranar da sammaci ya zo? Shagon miyar ƙashi da shinkafa na bakin kasuwa, da tsakar rana, wuri cike da mutane, yadda ba zan iya ɗaga murya ba. Ka tura mini kwanonka na nama. Ka ce, "Du-sik, dubi lamarin nan da hankali. Hatiminka ne a takarda, ko na yi magana ko ban yi ba kana ciki. In na shiga ni ma, an rufe shago. Inna tana gidana, Jae-ung zai rubuta jarrabawar shiga jami'a bana. Kai ba mata ba ɗa. Na tambayi masu sani, tara za a ci ka, ba za ka kwana ko ɗaya a tsare ba. In ƙura ta lafa ni da bakina zan gaya wa Inna gaskiya."

Na ce, "Ka yi alkawari?"

Ka ce, "Ni ne fa yayanka."

Shekara ɗaya da rabi alƙali ya ba ni. Kana zaune a layi na uku cikin rigarka mai ruwan toka. Lokacin da aka tambaye ni ko akwai wanda ya taya ni aikin waldar, na dube ka. Kana kallon takalminka. Na ce ni kaɗai ne.

Sau ɗaya Inna ta zo ganina a gidan yari. Kai ka kawo ta, ka tsaya a waje. Ta zauna bayan gilashi da jakarta a cinya, ba ta dubi fuskata ba. Ta ce, "Tsohuwar nan sa'ata ce. Na je gidansu na durƙusa, 'yarta ta rufe mini ƙofa. Me na rage ka da shi, Du-sik? Yayanka ya sha wahala a kanka, da wannan za ka saka masa?" Maganar tana bakina, Yaya. Na haɗiye ta, don na ce a raina bai kamata ta ji daga wanda ke sanye da kayan fursuna ba, kai za ka gaya mata a gida, a zaune, kamar yadda ka ce. Wata biyar bayan nan ta rasu. Ba a bar ni na je jana'iza ba. Da na fito na tambaye ka a ƙofar gidan yarin, kafin ma in karɓi farar awarar da ka miƙo mini kamar yadda ake yi wa wanda ya fito, na ce, "Ka gaya mata?" Ka ce, "Jikinta ba ƙarfi, na ji tsoron kada ya ƙarasa ta." Na bar ka tsaye da ledarka a hannu, na bi titi da ƙafa.

Wannan shi ne abin da ba ya gyaruwa. Watanni goma sha takwas ɗin zan iya cewa rabona ne, don na shafa fentin. Amma uwata ta shiga ƙasa tana ganin ɗanta guda ya kashe mutum don ha'inci, ɗayan kuma shi ne abin alfaharinta.

A layin Sasang ba wanda ya yarda ya ba ni aiki. Suna suka laƙaba mini, Mai Rufe Tsaga. In na wuce, sai wani ya ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma a fashe da dariya. Na tattara na koma Miryang, inda nake fentin ƙofofi da shinge da rumfunan lambu har yau. Shekara ashirin ban taɓa rim ba. Ban yi aure ba. Ba zan ɗora maka wannan ba gaba ɗaya, amma ka san yadda ake binciken mutum kafin a ba shi mata.

Kai kuwa sai ka zama wani mutum. Ka kafa allo a ƙofar shago cewa ba a fentin rim mai tsaga a nan. Labari yana iso ni cewa in ka sami mai tsaga, gaban mai shi kake sa babbar guduma ka fasa shi, don kada ya kai wani shagon a rufe masa. Wasu sun yi faɗa da kai a kan haka, daga baya suka dawo suna godiya. Na yarda ka tsirar da rayuka da wannan gudumar. Ka yi wa matan direbobin da mazansu suka mutu aiki kyauta in za su sayar da mota. Ka koya wa mutane da yawa sana'a, yau suna da shagunansu. Aka naɗa ka dattijon coci. Duk wannan gaskiya ne, na ji daga bakin waɗanda ba su da dalilin yi maka ƙarya.

Sai dai wata rana wani ya kawo mini wannan mujallar da nake rubutu a ciki, an yi hira da kai, da hotonka riƙe da guduma. Aka tambaye ka me ya sa kake da tsanani haka. Ka ce, "Na ga abin da gaggawa ta jawo a cikin gidanmu." A cikin gidanmu. Ban san sau nawa na karanta wannan layin ba. Ba ka yi ƙarya ba ko kalma ɗaya, kuma duk wanda ya karanta ya san wa kake nufi. Shirunka bai ishe ka ba, sai da ka taka sunana ka hau.

Kowace shekara lokacin bikin girbi kana aiko mini da akwatin 'ya'yan itace. Ba takarda a ciki, ba gaisuwa. Maƙwabciyata nake ba. Ta ɗauka ina da ɗan'uwa mai kirki.

A watan Fabrairun bana matarka ta kira ni ta ce kana nemana. Na yi kwana biyu ina gardama da kaina, na uku na zo. Da hantsi ne. Na same ka ka zama ƙashi da fata, da robar iska a hanci. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, "Ka tsufa."

Na ce, "Kai ma ba ka yi yarinta ba."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

Na ja kujera na zauna. Ka shiga ba ni labarin sabon fenti mai haɗin ruwa, wai ba ya kama alminiyam kamar na da, wai yaran yanzu ba su da haƙurin samfefa. Na bar ka kana yi. Na ce a raina mutum ne mai girman kai, bari ya zagayo a hankali. Can ka kama hannun rigata, ka ce, "Du-sik." Na matso. Bakinka yana motsi. Sai matarka ta turo ƙofa da kwanon kunun shinkafa. Ka dube ta, ka dube ni, ka saki rigar, ka ce, "Rufe mini tagar nan, iska tana shigowa."

Na rufe maka taga. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Da abin ya tsaya nan, da ban rubuta komai ba. Da na ajiye furena na koma Miryang da bakina a rufe, kamar yadda na saba.

A rana ta biyu ta zaman makoki, da la'asar, ina zaune ni kaɗai a teburin ƙarshe da kwanon jar miyar nama gabana, sai wani tsoho ya zo yana dogara sanda, ya zauna daura da ni da ƙyar, ya miƙe ƙafar roba gefe. Gong Hak-bong ne. Rabona da shi tun a kotu. Na yunƙura zan tashi, ya ce, "Zauna, Ƙaramin Tak. Mai ƙafa ɗaya ba ya bin mutum da gudu." Ya zuba mini giyar soju a ƙaramin kofi, ya zuba wa kansa.

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam Gong, ba ni da bakin yi maka magana."

Ya ce, "To yi shiru ka ji. Ba kai ka yi waldar nan ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na sani."

Ya ce wata Lahadi kai, Yaya, ka je gidansa bayan an tashi coci, ka durƙusa a tsakar ɗaki ka sa goshi a ƙasa, ka faɗa masa komai, har da maganar amarya da hoda. Ya ce ya jefe ka da sandarsa ta fasa maka gira. Ka koma mako na gaba, ka sake komawa. Tun daga nan kai ke kai shi asibiti duk wata a gyara masa ƙafar, kai ka sa masa ƙarfen dafawa a banɗaki da matakala, kai ka tsaya a bikin 'yarsa kamar ɗan'uwa. Abu ɗaya ka roƙe shi, kada ya gaya wa kowa.

Na ajiye kofin a tebur. Na ce, "Shekara goma sha ɗaya ka sani, ba ka neme ni ba?"

Ya ce, "In neme ka in ba ka lambar yabo? Kai ka shafa fentin ko ba kai ba? Ƙafata ba ta san wa ya yi walda wa ya yi fenti ba." Ya shanye kofinsa. "Amma na sha ce masa, je wurin ƙanenka. Sai ya ce, 'Kai baƙo ne, zan iya kallon idonka. Shi ba zan iya ba.' Ni dai mai rai na yi wa alkawari, ban yi wa gawa ba. Ga shi na faɗa maka."

Ashe kana da gwiwar durƙusawa, Yaya. Ashe bakinka ya iya furta maganar, daga farko har ƙarshe, ba tare da ka mutu ba. Ka kai ta gidan baƙo ka sauke, ka sami sauƙin zuciya, kana barci, kana tsayawa gaban coci kana addu'a. Ni kuwa Miryang tafiyar minti arba'in ce a jirgin ƙasa. Mutane za su ce wannan labari ya nuna kana da tsoron Allah. Wataƙila. Ni abin da na gani shi ne ka zaɓi inda tuba ba za ta ci maka suna ba.

Malam Gong kurma ne kaɗan, ba ya iya magana a hankali. Da na ɗaga kai, ɗanka Jae-ung yana tsaye bayansa da tiren abinci, da baƙar rigar makoki da ɗaurin hannu na babban magaji. Ya ji duka. Uwarsa ta taso da sauri ta riƙe shi, ta dube ni ta ce, "Don Allah, ku bari a binne shi tukuna." Daga yadda ta faɗa na gane ita ma ta daɗe da sani. Na bari. Na ɗauki akwatin gawarka tare da masu ɗauka, ta gefen hagu.

Mako guda bayan nan Jae-ung ya zo Miryang. Mutum ne mai shekara arba'in, shi ke riƙe da shagon yanzu, kuma sunanka da ke kan allo shi ne jarinsa. Ya same ni a bakin aiki, ya tsaya cikin rana ya rusuna, ya ƙi ɗagowa. Ya ce, "Baffa, tun ina yaro ake ce mini kada in zama irinka. Ni ma na faɗa wa 'ya'yana haka." Sannan ya ce ƙungiya ta ba iyali shafi guda, yana so ni in cika shi.

Na ce, "Ka san abin da zan rubuta? Direbobin nan za su karanta. Wataƙila rabinsu ba za su sake tako shagonka ba."

Ya ce, "Na sani. Umma ta ce in na bari aka buga ba za ta sake cin abinci a gidana ba. Ka rubuta, Baffa. Ba zan taɓa ko harafi ba."

Ka haifi wanda ya fi ka, ya kuma fi ni. Wannan ma ina sa shi cikin alherinka, don ba daga sama ya faɗo ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matar yayana, Yeo Sun-deok. Na san wannan rubutu zai ƙona miki rai, kuma ba zan ce ki yi haƙuri da ni ba. Kin yi jinyarsa wata bakwai ba ki gaza ba, Allah ya saka miki, ya ba ki juriyar zaman kaɗaici. Ga Jae-ung da matarsa da yaransu biyu, Allah ya tsare muku abincinku, ya sa abin da kuka yi ya zame muku alheri ko da zai fara da ɗaci. Ga waɗanda ya koya wa sana'a, ku riƙe abin da ya koya muku, karatun daidai ne. Ga Malam Gong Hak-bong, wanda ya yi rashin aboki, Allah ya ƙara lafiya. Ga iyalan marigayiya Ma Jeom-rye, in wannan takarda ta kai gare ku, ku sani mu biyu ne, kuma ni da na rage ina nan a Miryang, duk ranar da kuka ba ni izini zan zo in tsaya gabanku.

Kai kuma Yaya, limamin cocinku ya ce mini in yafe maka don ka kwanta lafiya. Na gaya masa ba zan faɗi abin da babu shi a zuciyata ba, a kan kabari ma balle a takarda. Ban yafe ba. Ban san ko zan iya ba kafin nawa lokacin ya zo. Amma ni ba ni ne mai hukunci ba, kuma na gode wa Allah da bai sa ni ba. Ubangiji ya dubi yaron nan ɗan shekara sha shida da ya ciyar da maraya da gwauruwa, ya auna shi da abin da ya biyo baya da ma'auninsa, ba da nawa ba. Ya sassauta maka kwanciya, ya haskaka makwancinka. Allah ya yi maka rahamar da ni ƙanenka na nema a zuciyata na rasa.

Tak Du-sik
Miryang